Karkarwa Biyu

Kwana tara ana ruwa a Dalcahue,
rufin kwano ya gaji da amsawa.
Babana, Eleuterio, yana rumfar bayan gida,
tabarau a karan hanci, ƙyalle a baki,
gabansa guntun katako daga haƙarƙarin jirginmu,
wanda teku ta tauna shekara arba'in ta tofar.

Da can gizago ne da wuƙa.
In ya ɗora kaifi a kan itace
sai itacen ya buɗe masa kamar burodi mai zafi.
Sai hannun dama ya soma rawa,
rawar da ba kiɗa, ba biki.
Cokali ya riƙa barin miya a hanya,
maɓallin riga ya zama abokin gaba.
Ya naɗe wuƙaƙensa a tsohuwar rigar sanyi,
ya tura ƙarƙashin gado, bai ce uffan ba.
Shekara biyu gidanmu ba ƙamshin itace.

Ni na hau bas zuwa Castro
da kuɗin safar ulu da na saƙa,
na sayo ɗan injin nan,
abu kamar alƙalami mai ƙiba, da wutsiyar waya,
da haƙora goma sha biyu a akwatin roba.
Ya dube shi sheƙeƙe.
Ya ce, "Griselda, wannan ai na likitan haƙori ne,
sauro ne aka ɗaura wa igiya."
Mako uku yana kan taga yana shan ƙura.

Ban san daren da ya jona shi ba.
Kuka kawai na ji, siriri, ta cikin bango.
Na fito ba takalmi, na leƙa:
injin na karkarwa, hannun na karkarwa,
sai ka ce tsofaffi biyu sun haɗu a gada mai lilo,
wannan ya riƙe wancan, ba wanda ya faɗi.
Layin da ya ja ya tafi sak.

Yanzu tsuntsayen gaɓa yake fitarwa,
fararen nan masu baƙin wuya
da ke kiwo a taɓo in teku ta janye.
Babban haƙori ya ci ƙirji da gadon baya,
ƙaramin, mai tsinin allura,
ya bi fiffike yana tsefe gashi ɗai-ɗai.
Garin katako ya hau girarsa, ya hau kyanwa,
ya faɗa kofin shayi, ya shanye abinsa.
Inda tsohuwar ƙusa ta bar ramin tsatsa,
nan yake sa ido.

Shekaranjiya iska ta kayar da falwaya.
Wuta ta ɗauke yana tsakiyar fiffike,
wuyan ma bai fito daga katako ba tukuna.
Kafin haƙorin ya gama juyinsa
hannun ya fizga shi kaɗai,
ya zabtare rabin gefen hagu.
Na tsaya ina jiran ashar.
Ya zauna a duhu yana bin raunin da babban yatsa.
Can ya ce, "Wannan ba mai tashi ba ce.
Miƙo min kyandir da fensir."

Da wuta ta dawo da hantsi
sai ya fitar da wuyan ta baya,
ya kwantar da kan daidai kan tabon:
tsuntsuwa tana barci a kan ruwa,
baki cikin gashi, ba ruwanta da kowa.

Ran Lahadi zan kai sauran kasuwa.
Baƙi za su juya su, su shinshina,
su ce, aikin hannu ne ko na inji?
Har yau ban sami amsar da zan ba su ba,
canjinsu kawai nake ƙirga musu.

Ita wannan ya shafe ta da kakin zuma,
ya ajiye a taga, inda injin ya yi zaman jira.
Na ce nawa zan sa mata?
Ya ce ba ta sayarwa ba ce,
wai wuyan ya yi kauri.