Shuni a Kwalba

Rijiya tara ubana ya bar mini a Marnar Gangare.
Bakwai sun cika da leda da ɓawon rake,
ɗaya kurciyoyi ke shan ruwan sama a bakinta,
ɗaya tak nake dama wa katsi da toka,
ita ma don kada a ce an binne sunan marini.

Galura ce ta kore mu. A gwangwani ta zo,
ba ta jiran kwana bakwai, ba ta wari.
Shekara arba'in da ɗoriya ina riƙe da muciya,
faratana sun manta da kowane launi sai shuni.

Ran Laraba, bayan la'asar, sai ga Kubura,
'yar ɗana, mai karatu can hanyar Dutsin-ma.
Ta tsuguna bakin rijiya, ta kwance jaka,
ta miƙo kwalba, ba ta kai ta turare girma ba:
"Kaka, faɗa mini abin da ka gani."

Na ɗaga ta ga rana. Na girgiza. Na shinshina.
Na ɗiga a farin ƙyalle, launi ya kama.
Na ce, "Gonar wa aka yanko wannan baba?
Ko da damina ba mu samun irinsa, balle rani."

"Ba gona, Kaka, ba lauje, ba ganye.
'Yan halittu ne da ido ba ya kamawa,
dubbai za su kwana a kan tsinin allura.
Cikin kowace akwai rubutu kamar na allo,
baƙaƙe huɗu kacal, ana ta jujjuya su.
Mun ƙara musu layi guda, mun ba su abinci,
suka kwana suna aiki,
da safe ƙasan kwalba ya yi launi."

Ta ce da irin wannan ake sa yis ya dafa maganin zazzaɓi,
da ruwan allurar da Nomau ke yi don ciwon sukari.
Ta nuna rijiyoyina bakwai da suka mutu,
wai ana neman wadda za ta cinye leda.
Ta ambaci gero, ta ambaci ƙuduji,
har kaina ya yi nauyi da bayani.

Na ce, "Tsaya.
Akuya in ta tsinke, sawunta ake bi.
Wannan in ta fita kwalba, wa zai yi mata kira?
Kuma makullin ɗakin, hannun wa zai kwana?
Galura ma da fara'a ta shigo garin nan,
aka yi mata shimfiɗa, ta tashe ni."

Ba ta yi gardama ba. Ta daɗe tana duban ƙasa.
"Ba mu halicci rai ba, gidan haya muka samu.
Sauran tambayarka, malamanmu ma
suna kwana da ita. Ban sani ba, Kaka. Ban sani."

Sai ta zaro wata kwalba, wofi,
ta naɗe hannun riga, ta tsoma a rijiyata.
"Kumfar nan da kake jira kwana bakwai,
wa kake zaton yake tayar da ita?
Danginsu ne. Kana kiwonsu
tun kafin a haife ni."

Na tuna ubana yana kasa kunne a bakin rijiya,
yana cewa yau ta farka, yau ta yi fushi,
yana zuba mata dusa kamar mai lallashin tunkiya.
Ashe garke ya bar mini,
ni kuwa ina ta ƙirga ramuka.

Ta rubuta sunana a jikin kwalbar, ta tafi.
Ƙyalle biyu na shanya a igiya, nata da nawa.
Mantau mabugi ya zo wucewa, na ce ya zaɓi na gado.
Ya murza, ya lasa, ya rantse, ya ɗauki nata.
Ban gaya masa ba.
Na ja murfi na rufe rijiya,
na ce musu sai da safe, a hankali,
kada wani ya ji ni.