Hannun Barde

A garejin Tumfure, kafin in ɗaga tamfol,
nakan tuna hannun Barde.
Yatsu uku suka rage masa,
sauran ruwan batir ya lashe
ranar da takardar lodi ta ce man gyaɗa ne.

Shi ya koya min karatun da ba na allo ba:
"Takarda bakin mai kaya ce, yaro,
ganga kuwa ba ta iya ƙarya ba.
Zagaye ta. Nemi tambari mai kusurwa huɗu,
wanda ya tsaya da ƙafa ɗaya.
In ja ne da harshen wuta, kashe tabarka.
In ƙoƙon kai ne da ƙasusuwa,
kar ya kwana ɗaki ɗaya da wake.
Rawaya, ita ke yi wa gobara fifita.
Shuɗi ba ya ga maciji da ruwa.
Wanda aka zana ɗigo yana cin hannu kuwa..."
Sai ya ɗaga nasa. Bai ƙarasa ba.

Jiya da la'asar sakaliya
hadari ya haɗo ta wajen Dadin Kowa.
Tirela ta shigo, wai gishiri ne da kayan shayi.
Can ƙurya, bayan buhuna, ganguna tara,
an kankare musu fuska da wuƙa.
Sai ɗan shuɗi da ya tsira a gefe,
bai kai farcen jariri ba.
Iska ta kawo min warin tafarnuwa.
Ban matsa na shinshina ba, Barde ya hana.

Kwairanga direba ya ce, "Akawu, Biu za ni,
a zube su nan fili."
Mai kaya ya kira a waya, muryarsa kamar zuma,
ya yi zancen kuɗin goro.
Na ce, "Alhaji, wane gishiri ne ke tsoron a san sunansa?
Wannan kabad ne, na masu walda."
Shiru. Sai ya kashe.

Na sa Asabe mai awara ta kashe murhu,
tana ta mita, manta bai gama zafi ba.
Ni da Lamela da yaransa biyu
muka ɗauke su ɗaya bayan ɗaya kamar ƙwai,
zuwa rumfar da ba ta yoyo.
Ta tara na shiga, sama ta ɓalle.

Wani ɗan gutsure da ya faɗo daga lotsattsen murfi
ya haɗu da ruwa a bakin kwata.
Ya yi huci kamar kububuwa, yana tafasa.
Kwairanga ya cire hula, ya riƙe ta a ƙirji.

Ba wanda ya gode min.
Abin da bai faru ba, ba ya shiga rediyo.
Da na zo alwalar isha'i
na tsinci kaina ina ƙirga yatsuna.
Goma.
Gobe zan biya ta gidan Barde
da goron da na saya da kuɗina.