Akwatin Jatau

Ni ne wanda ake mari.
Shekara talatin da ɗaya ina tsaye hagun Jatau,
in yi tambaya, ya ba da amsa,
jama'a su kece, kuncina ya kwana da zafi.

A bayan wata akori-kura muka fara, a Wad Madani,
daren da masu cirar auduga suka karɓi kuɗin mako.
Aci-balbal biyu, buhu a madadin labule.
Ya hau da akwatin kwano da laima mai ƙarfe ba yadi,
ya dubi gabas, ya dubi yamma,
ya ce, "Malam, nan ne Makka?"
Na ce, "Nan Madani ce."
Ya ce, "Madina? To ai saura ƙiris."

Har da masu riƙe ciki,
don kowa a wurin yana da kakan da ya baro Haɗeja a ƙafa
da niyyar Arfa,
damina ta tsare shi a bakin Nilu,
ya ce bari ya yi noman shekara ɗaya.

Sai gidan rediyo na Omdurman ya aiko.
Ɗaki mai sanyi, ba taga, ba ɗan kallo,
sai wani mai tabarau a bayan gilashi.
Jatau ya murguɗa baki, ya zare ido, ya yi faɗuwar nan tasa.
Mutumin ya ce, "Na'ura ba ta gani."
Kwana uku bai taɓa akushi ba.
A na huɗu ya zo da faranti, da tsakuwa, da takalmi wari guda,
ya koya wa kunne kallo.
Marin ma tafi yake yi, ni in kurma ihu.
Shekarun nan kuncina ya huta.

A fim maigadi suka ba shi.
Jimla ɗaya tak: "Maigidan ba ya nan."
Da kuɗinmu muka shiga silima marar rufi,
taurari a sama, ƙwari na iyo cikin haske.
Fuskarsa ta cika bango,
kafin in zungure shi har ta wuce.
Ya ce, "Tanimu, ashe haka giɓina yake?"
Sau tara muka koma.

Talabijin ta iske mu da furfura.
Suka shafa masa hoda, gumi ya yi hanya a cikinta.
Kada ya ƙetare layin alli,
ya ƙara karya Larabcinsa, wai haka masu kallo ke so.
Nan na ji dariyar ta sake ɗanɗano:
dā tare da mu ake yi,
yanzu mu ake yi wa.
Ya sani. Ya karɓi ambulan.
'Ya'ya bakwai ba sa cin mutunci da miya.

Bara waccan ɗansa na Jidda ya aiko tikiti biyu.
Muka hau jirgin ruwa a Sawakin,
shi a keken guragu, ni ina turawa,
har muka tsaya inda kakanninmu ba su kai ba.
Ya ja bakin haramina, muryarsa ƙasa-ƙasa:
"Malam, nan ne?"
Shekara talatin da ɗaya amsata a'a ce.
Na buɗe baki,
ba wanda ya taɓa rubuta mini wannan layin.

Akwatin yana ƙarƙashin gadona a Mai Wurno.
Matarsa ta ce in ɗauka, ita ba ta iya kallonsa.
Jikata Uwani ta buɗe shi ranar Laraba,
ta tarar da tsakuwa da takalmin nan,
ta ce, "Kaka, ina ɗayan?"
Na juya hagu, na juya dama,
na tsinci kaina na miƙa kunci
ina jira.