Babu Kowa a Gida

Ni mai gyaran agogo ne a Rosariyo,
a layin da ke gangarawa bakin kogi.
Da rana ina saita wa mutane lokaci,
da dare lokaci ya juya mini baya.

Shekara uku ina hawa benen nan
na saman gidan burodi, kowace Laraba,
takalman rawa a jakar leda.
Shekarar farko na tashi kamar ƙullin da ya sha yis.
Ta biyu na tsaya.
Ta uku ta same ni inda ta biyu ta ajiye ni,
jaki a bakin gada, ba gaba ba baya.

Na haddace takun tango takwas,
na san inda ƙafar hagu za ta sauka tun ba ta sani ba.
Malaminmu Fermin ya ce, "Babu kuskure."
Ya faɗe shi kamar mai ta'aziyya.

Mata kan yi mini godiya bayan kiɗa ɗaya,
a zauren nan kuwa godiyar wuri sallama ce.
Na ƙara darasi. Na sayi madubi mai tsayina.
Na zane daɓen ɗakina da alli.
Rijiya ta bayar, guga ya hana.

Sai wani daren Yuli, sanyi har ƙashi,
Nelida, tsohuwar tela,
wadda yanar ido ta cinye wa rabin duniya,
ta ɗora tafinta a kafaɗata.
Ba mu kai bango ba ta tsaya cak.

"Leɓenka na motsi," in ji ta.
"Da ni kake rawa ko da lissafi?
Na ƙwanƙwasa ƙirjinka, babu kowa a gida."

Kunnuwana suka ɗau zafi.
Na ce, to me zan yi?
"Kada ka yi komai. Jira.
Gwiwata ta dama makararriya ce,
ba ta san agogonka ba."

Na jira.
Bandoniyon na jan numfashi kamar mai asma,
masu rawa na kewaye mu, ruwa da dutse.
Can na ji abin:
nauyinta yana ƙaura a hankali,
daga wannan ƙafa zuwa waccan,
kamar mai tashi daga gidan haya
tana kwashe kaya ɗaya bayan ɗaya.
Da ta gama kwashewa, na taka.

Taku ɗaya tak.
Ban san lambarsa ba.

Larabar da ta biyo na take ƙafar wata sau biyu,
na ɓata juyi, na yi karo da kujera.
Fermin ya yi dariya har da tari,
ya ce, "Barka da zuwa."

Da safe aka kawo mini agogon aljihu
mai makarar minti biyu.
Na daɗe da shi a kunne
kafin na ɗauki sukundireba.