Ɗari da Tara

Fijon Baba ta faɗo a kasona ranar rabon gado,
don kowa ya kauce mata.
Na hau gadar Ƙofar Nassarawa da ita
tana nishi kamar mai ɗauke da tulu biyu,
'yan adaidaita na wuce ni suna leƙe.

Na kai ta Ƙofar Ruwa, garejin Tasi'u Mai Sifana.
Ya kara kunne a jikin inji
yadda ungozoma ke sauraron ciki,
ya goge hannu a wando, ya ce:
"Lafiyarta ƙalau. Kaya ne suka yi mata yawa.
Ko ingarma ka ɗora wa dutsen niƙa
jaki zai riga shi gida."

Muka aro sikelin Ɗan'iya mai gwangwan.

Kariyar sama ce ta fara sauka,
wadda ta kai Baba Dawanau sau ba adadi
ta dawo da gero. Kilo sha takwas.
Sai bambar da ya sa aka yi wa walda da baƙin ƙarfe
shekarar da tirela ta goge shi a Kurna:
ashirin da uku, har da tsatsa.
A but kuwa, jak biyu, ɗaya bai taɓa ɗaga komai ba,
mataccen batir da kullum za a farfaɗo da shi gobe,
sarƙa, galan, tsohon rim,
da rabin buhun siminti da damina ta mayar dutse.

Tasi'u na kwancewa, Ɗan'iya na kiran lamba,
ni ina rubutawa a bayan kwalin fulogi.

Kujerar baya ta yi gardama.
Noti huɗu, na ƙarshe sai da ya sha kalanzir.
Da ta tashi, a ƙarƙashinta
ga ƙwallon dabino, ga sulai biyu,
ga takalmin roba ƙafar hagu
wanda na sha bulala a kan ɓatansa ina aji biyu.
Ban ce komai ba.
Na ɗora shi, allurar sikeli ko gezau.

Ɗari da tara, in ji kwali.
"Ka sauke fasinja biyu ke nan," in ji Tasi'u,
"waɗanda ba su taɓa biyan kuɗin mota ba.
Kowane kilo fetur yake sha, ko barci yake."

Da la'asar sakaliya na gwada ta a Titin Zariya.
Na ɗan taɓa totur,
ta zabura kamar an kira ta da sunan yanka.
Gadar nan ta haye ta a giya uku, ba tari.
Birki na kamawa tun ban gama roƙonsa ba.
Man da ke ƙarewa Laraba ya ga Juma'a.

Sai dai ta koyi surutu.
Duk ramin da ke Titin Faransa
sai ta faɗa mini sunansa da ƙarfi,
bayanta na tsalle kamar ɗan akuya,
cikinta na amsa kuwwa, kwano ba tuwo.

Ran Asabar Inna ta ɗaura mayafi:
a kai ta suna Gwammaja, ita da ƙannenta biyu.
Ta buɗe ƙofar baya, ta dubi ƙarfe tsirara,
ta dube ni, ta rufe a hankali.
Suka tari adaidaita.

Na koma wa Ɗan'iya. Ya ce ai kujera ta yi gaba,
Sule Goje mai shayi ya saya, can Ƙofar Mazugal.
Na same ta jingine da bango, mutum uku a kai,
ɗaya na tsoma burodi daidai gurbina.
Na jira ya tashi. Na zauna. Na ce a haɗa mini
kauri, ba sukari da yawa.
Sifirin ɗin gefen taga
har yanzu yana sukar cinya.

Mota na waje, sakayau, tana jiran ƙafata.
Takalmin na cikin aljihun gaba,
yana ƙwanƙwasawa a duk kwana.