Inda Za Ki Ya Da Zango

Ga makullin, Tsahara. Ƙaramin na ƙofar baya ne,
sai kin tokare ta da gwiwa yake juyawa.
Tsohuwar motar asibitin Tawa ce, na sani,
har yau in rana ta take tana warin magani.
Ni na cire gadon majinyata na sa na barci,
na ɗaure tukunyar gas da igiyar guga,
na kafa farantin sola a kan rufi.
Ke za ki bi garkunan Azawak da allura wata huɗu,
ni ƙafata ta daina jin birki.
Zauna kan tayar nan ki saurara.

In kwana ɗaya ne, kada ki tsawaita zaɓe.
Tsaya tun inuwarki ba ta ɓace ba.
Wurin da aka zaɓa da fitilar mota
da safe yakan zama maƙabarta, ko gidan tururuwa.
Juya hancinta ya dubi mafita.
Sa dutse bayan taya
ko da ƙasar ta rantse miki a miƙe take.

Kada ki kwana cikin ƙorama.
Yashinta da laushi, ga iska, ga shiru.
Haka ta yaudare ni bayan Keita:
sama tas, taurari kamar an watsa gero,
ashe an sheƙa ruwa can kan duwatsu.
Tsakar dare na ji kwanona yana buga ƙafar gado.
Da wando ɗaya na fita, da rediyo.
Kwana uku muna haƙo mota,
ni da mutanen da na wuce ban yi wa sallama ba.

Saboda haka, sallama kafin birkin hannu.

Filin nan mai kyau tsakanin gona da gona
burtali ne. Masu shi da asuba suke zuwa,
kuma ƙahonsu ya fi naki.
A Tabalak sayi kifi a bakin tafki,
ki hau tudu ki ci; sauron can ba ya karɓar haƙuri.
Rijiya, kusa don jarka, nesa don barci,
jakuna ba su san Lahadi ba.
Cika tanki a Abalak ko da allura ta ce da saura.

Dogon zama kuwa wani karatu ne.
Je wurin maigari da sukari da ganyen shayi,
bari shi ya nuna miki itace.
In gawo ya nuna, tambayi wata:
da rani rumfa ne, da damina tsirara yake.
Tada inji duk kwana uku, don batir,
don kuma ɓera ya san gidan da mai shi.
Binne sharar ki. Kada ruwan wankinki ya bi ta ƙofar wani.
Ranar farko aro gishiri wurin maƙwabciya
ko da kina da buhu.
Wanda aka ara wa gishiri, ana lura in bai fito ba.

Yaushe ake tashi?
Ran da kazar wani ta yi ƙwai ƙarƙashin motar,
ran da yara suka daina leƙen taga,
ko ki tada inji, ko ki nemi magini.

Kada ki dube ni haka.
Nan, gindin dogon yaron nan na Wadata,
kwana biyu na ce zan yi, in jira bel daga Ƙonni.
Wata Kuluwa na soya ƙosai can inda tulun yake.
Na je aron gishiri.
Bel ya iso ran Alhamis.
Shekara goma sha tara ke nan.

Tafi, rana na yi.
In kin isa kan gudron, giya ta uku tana gardama.
Lallashe ta. Kada ki tilasta.