Tafin Hannu a Gidan Madugu

Mu talatin da biyu muka sauka daga bas,
'yan aji biyar, kowa da littafi da gorar ruwa.
Malam Sallau na ƙirga kawunanmu
kamar mai awon gero a Kurmi.

Zaure uku kafin tsakar gida.
Sanyin azara ya sauko mana a wuya.
Mai jagora, dattijo da tabarau ɗaure da zare,
ya ce nan Madugu Tanimu yake zama
in ayari ya dawo daga Gwanja,
goro a huhu, jakuna sun rame.

Ya nuna wata takarda cikin gilashi,
ajami, tawada ta koma ruwan ƙasa.
"Ga 'yanci," in ji shi, "tun kafin Nasara.
Bawa ya biya murgu, ya tara wuri,
ya fanshi kansa a gaban alƙali,
shaidu biyu na zaune."
Muka rubuta: murgu, fansa, alƙali.
Za su fito a jarrabawa.

Uwani, wadda bakinta ba ya ƙulli,
ta ɗaga hannu: "Nawa ya biya?"
"Wuri dubu ɗari biyu."
"Shekara nawa yana tarawa?"
Dattijo ya gyara tabarau. Takarda ba ta faɗa ba.
"To in kansa ne, don me zai saya?"
Malam ya duba agogo,
ya ce, Uwani, saura ɗakin makamai.

Bayan rumbu, inda ba a kai baƙi,
na je neman famfo,
sai ga tafi a jikin katanga,
yatsu biyar sun nutse a busasshiyar laka,
ƙaramin a karkace, kamar ya taɓa karyewa.
Ba allo, ba gilashi.
Na ɗora nawa a ciki.
Nasa ya haɗiye shi har wuyan hannu.

Direbanmu bai shiga ba.
Muka tarar da shi a inuwar ƙofa yana ɓare gyaɗa.
Na ce, Baba Nagode, ba ka son tarihi?
Ya tauna, ya haɗiye, bai yi sauri ba.
"Sunan da ke kan takardar, an karanta muku?"
Muka kalli juna.
"Nagode. Kakan babana. Sunansa na ci.
Da rana ginin Madugu, da dare saƙa a fitilar man gyaɗa,
shekara goma sha tara."
Ya kakkaɓe ɓawo daga cinyarsa.
"Ku hau, kada cunkoson Ƙofar Mata ya riga mu."

Ba wanda ya yi waƙa a hanyar komawa.
Kwalbar wani na ta birgima ƙarƙashin kujera.
Uwani ta ari birona,
a ƙasan murgu, fansa, alƙali,
ta rubuta goma sha tara,
ta ja masa layi, ta sake ja,
har takardar ta huje.